Wanzami Ba Ya Son Jarfa

A shekarata ta biyu a jami'a aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar ɗaliban garinmu. Kun dai san irin waɗannan ƙungiyoyi, kusan kowane gari da tasa. Mu tara kuɗi kowane wata, mu tarbi sababbin da suka ci bak, mu nemo musu ɗaki, in wani ya kwanta ciwo mu saya masa magani, in hutu ya zo mu ɗauki mota guda mu koma gida tare. Muna da wata ƴar takardar dokoki mai shafi shida wadda waɗanda suka riga mu suka rubuta, an yi ta yi mata fotokopi har rubutun ya fara dushewa. In faɗa muku gaskiya, ban taɓa karanta ta daga farko har ƙarshe ba sai ranar da ta tare mini hanya.

Takardar ta kasa aiki uku. Babban taro, wato dukan membobi, shi ke yin doka, shi ke yanke nawa kowa zai riƙa biya. Biro, mu bakwai, mu ke tafiyar da aiki na shekara guda. Sai kwamitin sa ido na mutum uku. Su ba su riƙe kuɗi, ba su shirya biki, ba su zuwa tasha tarbar kowa. Aikinsu su duba asusu, kuma in gardama ta tashi a kan abin da takarda ta ce, su ke raba ta. Mu a biro, a bayan idonsu, "ƴan zaman banza" muke ce musu.

A shekarar tamu mun ƙudura sayen injin fotokopi, don yaranmu su daina kashe bursu wajen buga darasi. Mun tara fiye da rabin kuɗin sai wa'adinmu ya zo ƙarewa. Tsoro ya kama mu, kada waɗanda za su gaje mu su cinye kuɗin a shayi da walima. Sai shugabanmu ya kawo shawara a ƙara wa biro shekara guda don mu kammala aiki. Wallahi ba da mugun nufi ba ne, injin kawai muke gani a gabanmu.

Matsalar tana shafi na biyar. An rubuta cewa ba a taɓa ko layi guda na takardar sai an sanar da taro kwana 15 kafin ranar, sai kuma kashi biyu cikin uku na dukan membobi sun yarda. Har wa yau, duk gyaran da ya shafi wa'adi ba ya hawa kan biron da ke kan kujera. Mu kuwa muka kira taro da sanarwar kwana uku, a satin jarrabawa, lokacin da muka san mutane ba za su fito ba. Cikin mutum wajen 140, 43 suka zo. Aka ce masu so su ɗaga hannu, 38 suka ɗaga. Ni na rubuta rahoton taron da hannuna, ina jin daɗi.

Bayan kwana biyu sai ga takarda manne a allon sanarwa, rubutun hannu, shafi guda. Kwamitin sa ido ya ce ƙuri'ar ba ta ɗauru ba, a shirya zaɓe a kan lokacinsa. Shugabar kwamitin wata ɗaliba ce ta shekara ta uku a fannin shari'a, marar yawan magana. Na same ta ƙarƙashin dogon yaro tana bitar darasi, ko sallamar kirki ban yi ba na ce:

"Kamarad, ku uku ne fa. Mu talatin da takwas muka ɗaga hannu. Yaushe uku ta fi talatin da takwas? Wannan ita ce dimokuraɗiyyar da ake koya muku?"

Ta rufe littafinta ta ce: "Kamarad, mu uku ba mu fi ku ba. Takardar ce ta fi mu, mu da ku duka. In kuna son sake ta, ga hanya nan a shafi na biyar, ku bi, ni ce farkon mai sa hannu."

Na ce mata ai taron da ya naɗa su yana iya sauke su. A daren nan na zauna na rubuta takardar neman rushe kwamitin, na ninke na sa cikin jaka, da niyyar in mun dawo daga hutu in gabatar.

Da na je gida na ba Baba labari, ina jiran ya ce na yi daidai. Babana tela ne, Bagobiri, rediyo ba ya rabuwa da gefen kekensa. Ya tsayar da ɗinki ya dube ni.

"Mi kac ce mata? Sake hwaɗi in ji."

Na maimaita. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Yaro, wagga magana taka na san ta. Da bakina na yi ta, shekarar tazarce."

Ni a 2009 yaro ne ƙarami. Abin da na riƙe na wannan shekara bai wuce motoci masu lasifika ba, da atamfa mai hoton shugaban ƙasa da Baba ya yi ta ɗinkawa har dare. Sai bayan wannan hira na koma na bi labarin daki-daki, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin abin da nake zato.

Labarin ya faro tun 2008, kuma tsakanin majalisa da kotu ya faro. A waccan shekara ƴan majalisar dokoki suka kaɗa ƙuri'a a kan dokar da ta shafi matsayinsu da kuɗaɗen alawus ɗinsu, daidai lokacin da tsadar abinci ta ishi talaka. Ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga. Aka kai maganar gaban Kotun Tsarin Mulki, kotu ta ce dokar ta saɓa wa kundi. Ku duba fa: majalisa mai kujera 113, kowane depite jama'a suka zaɓe shi, amma mutum bakwai suka ce musu a'a. Wanzami ba ya son jarfa. Wanda ya saba yanka wa mutane doka, ranar da aka ɗora masa aska a nasa jikin ba zai ji daɗi ba.

Shekara ba ta gama kewayowa ba sai ga tazarce. Marigayi Tanja Mamadu, Allah ya jiƙansa, wa'adinsa na biyu zai ƙare a watan Disamba na 2009. Kundin 1999, a aya ta 36, ya ce shugaban ƙasa shekara biyar yake yi, a sabunta masa sau ɗaya tak. Aya ta 136 kuma ta hana a taɓa wannan aya ko ta halin ƙaƙa. Magoya bayansa suka ce a bar Baba Tanja ya kammala ayyukan da ya soma: matatar mai ta Damagaram, madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu ta Yamai. Da na karanta wannan sai na ji kunya ta rufe ni, domin injin fotokopinmu ne sak, girma kawai ya bambanta su.

To, wa ya ruga kotu? Wasu daga cikin ƴan majalisar nan da kotu ta taka wa birki bara. Su suka nemi ta faɗi ra'ayinta a kan ƙuri'ar raba gardama da shugaban ƙasa yake son kira. Ranar 25 ga Mayu 2009 kotun, ƙarƙashin shugabancin Salifu Fatimata Bazeye, ta ce ba shi da wannan hurumi. Kashegari, 26 ga wata, ya rushe majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotu ta soke dokar da ya sa wa hannu ta kiran ƙuri'ar. Ƙarshen watan ya ɗauki iko na musamman, ranar 29 ga Yuni ya rushe kotun ita kanta. Aka yi ƙuri'a ranar 4 ga Agusta, aka shiga jamhuriya ta shida, ya samu ƙarin shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka shiga fadar shugaban ƙasa da rana tsaka.

Baba ya ce mini: "Tanja har gobe ina son shi, ya yi ma talakka aiki. Amma ranar da anka rushe kotu mun yi ta murna a kasuwa, muna cewa su wa su ka zaɓe su. Ba mu san ƙyauren gidanmu munka ɓalle ba. Wata takwas ba su cika ba sai ga soja, kuma babu wurin da za mu kai ƙara."

Wannan tambaya ta "wa ya zaɓe su" ita ce na jefa wa ɗalibar nan, kuma ba tambayar banza ba ce. Ta cancanci amsa. A aji an koya mana cewa wani Bafaranshe, Monteskiyu, ya rubuta tun 1748 cewa in ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a suka taru a hannu guda, ƴanci ya tafi. An koya mana cewa a Amurka, a 1803, Kotun Ƙoli ƙarƙashin alƙali Jon Mashal ta tabbatar da cewa kotu tana iya ƙin aiki da dokar majalisa in ta saɓa wa kundi. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki. Amma ni ban gane ba sai da na tuna ɗan aike.

In mahaifiyarka ta ba ka jika biyu ta ce ka sayo gero, ka je kasuwa ka ga takalmi ya yi maka kyau, ba ka da ikon cewa ai ni aka aika, don haka ni ke da shawara. An aike ka, amma da saƙo. Depite ɗan aike ne. Jama'a sun zaɓe shi, gaskiya ne, amma jama'ar nan sun riga sun rubuta saƙon da suka ba shi, shi ne kundin tsarin mulki. Na 1999 da ƙuri'ar raba gardama aka amince da shi, haka ma na 2010. Saboda haka in kotu ta soke dokar majalisa, saƙon take karanta wa ɗan aike. Ai ko a filin kokowa, komai ƙarfin ɗan kokowa, komai yawan masu yi masa kirari, ba shi ke faɗin ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba. Da an bar masa wannan, da ba wanda zai taɓa faɗuwa a gasar takobi.

Waɗanda suka rubuta kundin namu sun san cewa alƙali ma mutum ne, yana da ciki, yana da tsoro. Shi ya sa suka warwatsa hanyar shiga kotun. A kundin 2010, cikin mutum bakwai ɗin, shugaban ƙasa ɗaya yake kawowa, shugabannin majalisa su kawo ɗaya, alƙalai su zaɓi biyu a cikinsu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ɗaya. Wa'adinsu shekara shida, ba a sabuntawa, don kada alƙali ya riƙa yanke hukunci yana leƙen fuskar wanda zai sake naɗa shi. Kotun ba ta da soja, ba ta da baitulmali, ba ta ƙirƙiro doka. Ƙarfinta guda ne: wanda hukunci ya kayar ya yarda ya faɗi.

A nan ne muka bambanta da wasu maƙwabta. A Benin, a 2006, ƴan majalisa da gagarumin rinjaye suka gyara kundi don su ƙara wa kansu wa'adi daga shekara huɗu zuwa biyar. Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke gyaran a watan Yuli, suka haƙura, aka yi zaɓe a 2007. A Senegal, ranar 5 ga Fabrairu 2024, majalisa ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 15 ga Disamba, bayan jandarmomi sun fitar da ƴan adawa daga zauren. Ranar 15 ga Fabrairu kotun tsarin mulkinsu ta soke dokar. Maki Sal ya karɓi hukuncin, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Basiru Diomaye Faye ya ci, aka miƙa mulki. Ba cewa nake alƙalansu sun fi namu na 2009 jarumta ba, namu ma sun tsaya. Can an bi hukuncin ne, nan kuwa aka rushe mai hukuncin. Abin ban tausayi, bayan juyin mulkin 2010 ita Fatimata Bazeye ɗin aka sake kira ta shugabanci kotun tsarin mulki ta riƙon ƙwarya. Sai da bindiga ta yi ƙara aka tuna da maganar da ta faɗa da alƙalami.

Na koma makaranta na yage takardar da ke cikin jakata. Ba zan yi muku ƙarya in ce na je na ba ɗalibar nan haƙuri ba, girman kai ya hana ni. Aka yi zaɓe a kan lokaci, muka sha kaye.

Sabon biron da ma suna jin haushinmu. A taronsu na biyu, ɗaki cike, suka kawo maganar cewa akwai jika 35 da ba a ga rasit ɗinsu ba a lissafinmu. Nan take wani ya miƙe ya ce a kore mu daga ƙungiya, mu bakwai, a cire sunayenmu daga motar hutu da kuɗin taimako. Aka ɗaga hannu, rinjaye ya yi yawa har ba a tsaya ƙirgawa ba. Na ɗaga nawa hannun ina neman a ba ni minti biyu, aka ce lokaci ya ƙure. A gaban ƙannena da na tarba a tasha aka kira ni ɓarawo.

Ina kuke tsammani na nufa? Ƙarƙashin dogon yaron nan. A wannan karo na yi sallama da kyau. Ba ta tuna mini komai ba, ta ce kawai: "Kamarad, rubuta ƙorafinka, ka sa kwanan wata, ka sa hannu." Bayan sati kwamitin ya manna hukunci. Korar ba ta ɗauru ba, domin shafi na huɗu ya ce ba a korar mutum sai an saurare shi. Amma maganar kuɗi tana nan, an ba mu kwana 30 mu kawo rasit ko mu biya. Muka tono rasit na jika 20. Sauran 15 ni na sayi takarda da tawada da su ban karɓi rasit ba, sakaci ne nawa. Daga bursuna na biya, na yi sati uku ina cin garin rogo da ƙuli. Har yau ina ganin hukuncin ya yi mini tsauri, amma na fita da sunana. Da na yi nasarar rushe kwamitin wata biyu kafin nan, da har na gama jami'a da sunan ɓarawo.

Akwai wani abu da ya faru bayan haka wanda ya cika mini darasin. Wasu da suka ga kwamitin ya yi ƙarfi suka kai ƙara cewa kuɗin wata da taro ya ƙara ya yi yawa, kwamiti ya rage. Ɗaya daga cikin ukun ya so su rage ɗin, don shi ma yana ganin ya yi yawa. Ita ta ƙi. Ta ce takarda ta ba taro ikon yanke kuɗi, an kira taron bisa ƙa'ida, an ƙirga ƙuri'a daidai, to ko ita ba ta so, ba hurumin kwamiti ba ne. Wanda bai yarda ba ya je ya shawo kan jama'a a taro na gaba. A nan na gane cewa iyakar nan fuska biyu gare ta. Majalisa ba ta zama alƙali, ba ta yanke wa mutum hukunci da ɗaga hannu. Alƙali kuma ba ya zama majalisa, ba ya soke doka don kawai ba ta yi masa daɗi ba. Ranar da kotu ta fara zaɓa wa ƙasa abin da take ganin ya fi, ranar tambayar "wa ya zaɓe ku" ta zama ba ta da amsa.

Ƴan'uwana ɗalibai, tun samun ƴancin kai a 1960 ƙasarmu ta ga jamhuriya bakwai da juyin mulki biyar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. A watan Yulin 2023 aka dakatar da kundin 2010, ƙasa ta zauna babu zaɓaɓɓiyar majalisa. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, a fada ma ba mu gama gardamar ba, kuma ba ita na zo tayarwa a nan ba. Abin da na sani shi ne wata rana za a sake zaɓen ƴan majalisa, a sake naɗa alƙalan tsarin mulki, kuma cikin masu karanta wannan ɗan littafi akwai waɗanda za su hau waɗancan kujeru. Abin da muka saba yi a ƙungiyar gari, a kwamitin aji, a ƙungiyar ɗalibai, shi za mu ɗauka mu tafi da shi can. Wanda ya kira taro a satin jarrabawa yana ɗan shekara 21, ba sai an koya masa yadda ake kaɗa ƙuri'a da tsakar dare ba in ya kai 50.

Yabon kotu ba wuya in ta kayar da abokin hamayyarka, kowa ya iya. Ni ma na yaba wa kwamitin ranar da ya mai da ni ƙungiya. Abin da ban iya ba shi ne karɓar hukuncinsa ranar da nake da rinjaye, nake da kyakkyawar niyya, nake da aikin da ban kammala ba. Sai da tela ya tsayar da kekensa ya ba ni labarin kuskurensa.

Injin fotokopi dai an saye shi bayan shekara biyu, wani biro na daban ya kammala, ba sunan ko ɗayanmu a jikinsa. Yana aiki, yaranmu suna buga darasi da rahusa. Takardar mai shafi shida kuwa na sake buga ta da kyau a kwamfuta, na raba wa sababbin bana. In ƙungiyarku tana da irinta, ku nemo ta yau ku karanta, musamman shafin da ya faɗi yadda ake sake ta da yadda ake korar mutum. Allah ya ba mu haƙurin karɓar gaskiya ko a kanmu ta faɗa.